Kande Mai Majajjawa

A Haɗejiya, idan ka ce kana neman gidan Kande, sai an tambaye ka wace Kanden. Amma ka ce Kande mai majajjawa, ka ga yadda za a yi ta nuna maka hanya har da masu rakiya. 'Yar guntuwar mace ce ƙaƙƙarfa, mai muryar mutum uku, in tana dariya a tsakar gidanta sai an jiyo daga bakin titi. Mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Zonkwa, a kudancin Kaduna. A 1980 ta iso garin a bayan motar kaya, da akwatin ƙarfe da keken ɗinki, ta biyo mijinta Malam Filibus da ke koyarwa a wata firamare.

Shekarar farko kuka ta sha. Ita da ta tashi cikin duwatsu da sanyi, sai ga ta a ƙasar da ko tudun da za ka hau ka hango nesa babu, zafi ba a magana, da damina kuma ruwa ya malale ko'ina. Kullum sai ta ce wa Malam ita fa ba za ta kai baɗi ba. To amma kifin Haɗejiya ba ya barin mutum da fushi. Ta haifi Jumai, ta haifi Habila, matan unguwa suka gano ɗinkinta ba ya warwarewa, suna da biki kuwa babu inda ba a kiranta. Kafin a ankara bakinta ya juye, har in ta je ganin gida 'yan uwa su riƙa tsokanarta da Bahaɗejiya. Ita ce ma take fara ɗaure kayan dawowa tun hutu bai ƙare ba.

Malam Filibus kuwa ba haka yake ba. Dogo ne siriri mai tabarau, ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma ba ya son hayaniya ko kaɗan, abin da ya sa har yau ake mamakin yadda aka yi ya auri Kande. Gangar jikinsa ce kawai a Haɗejiya. Zuciyarsa na can ƙauye, inda ya fara gina ɗaki biyu ya dasa mangwaro, yana jiran ranar da zai ajiye alli.

Gem ɗin da ya juya gidan nan, ƙanin Kande ne ya kawo shi, Bulus, mai shagon kayan lantarki a Kano, a Kirsimetin 1993. Ɗan akwatin wasa ne na roba da ake jonawa da talabijin, da kaset guda, da bindigar roba mai doguwar waya. Kana kunnawa sai ciyawa ta bayyana a gilashi, agwagi su riƙa tashi daga cikinta, kai kuma ka auna ka harba. Malam ya duba abin sama da ƙasa, ya ce wannan shi ake kira lalata yara da gangan. Nan take ya kafa doka: sai ranar Asabar, sai an gama aikin makaranta, kuma manya babu ruwansu.

Dokar manyan ba ta yi tsawon rai ba. Wata Asabar Kande ta leƙo falo da muciya a hannu don ta aiki Habila, ta tarar yana ta harbin iska, agwagi na wucewa lafiya lau.

"Kai, wannan wane irin abin kunya ne? Ga ta nan a gabanka! Kawo nan."

Ta miƙa masa muciya ta karɓi bindiga. Harbin farko agwagwa ta faɗo. Na biyu ma haka. Yara suka ɗauki ihu, Kande ta tuɓe ɗankwali ta ɗaura a ƙugu, ta ware ƙafafu a tsakiyar falo. Ranar tuwo ya kama har ya yi ƙauri, aka ci shi a haka, ba wanda ya yi ƙorafi sai Malam.

Daga nan Asabar ta zama ranar kasuwa a gidan. Kowa ya samu aikinsa. Jumai ce mai ido: ita ta lura cewa kafin agwagwa ta tashi sai ciyawar wajen ta ɗan motsa, don haka sai ta durƙusa kusa da gilashi tana kira, "Hagu, Mama! Dama! Biyu ne, sama!" Habila shi ne likitan injin. In kaset ya ƙi, shi zai hure shi ya goge, in waya ta tsinke shi zai ɗaure, da aka matsa musu da ɗauke wuta kuwa sai da ya yi ta zarya wajen wani mai gyaran rediyo har ya koyi yadda ake tayar da talabijin da batirin mota. Malam yana gefe a kujerarsa, wai yana duba littattafan 'yan aji. Sai dai lokaci-lokaci a ji wata murya ta ce "Sama!" da ƙarfi, in aka waiwaya sai a ga yana gyara tabarau yana tari.

Ihun nan ne ya jawo maƙwabcinsu Baƙo, dattijo manomin shinkafa, wanda kakanninsa ma a fadamar Haɗejiya suka yi noma. Ya yi sallama ya shigo don ya ji ko lafiya, aka ba shi kujera, ya zauna yana kallo baki buɗe. Can ya gyara murya.

"To, Maman Jumai, ina naman yake zuwa?"

"Wane nama, Baba Baƙo?"

"Na agwagin nan mana. Tun ɗazu kike zubar da su, ni ko gashin fiffike ban gani ba."

Aka kwashe da dariya, Habila ya yi masa bayani. Baƙo ya girgiza kai.

"Ashe wahalar banza ce. Hannu irin wannan, a ce a kan tsuntsun gilashi zai ƙare? Su kuma waɗannan ai ba agwagi ba ne, wuyan kirinjijiya gare su."

Jumai ta ce mene ne kirinjijiya. Baƙo ya ce abin kunya ne a haifi yarinya a Haɗejiya ba ta san kirinjijiya ba, kuma ba zai yarda ba. Hutun da ya biyo baya ya kwashe su zuwa dausayin Baturiya, matattarar tsuntsaye, wani surukinsa ya sa su a kwalekwale. Kande ta ƙanƙame gefen jirgi tana kiran sunan Yesu duk lokacin da ya karkata, amma Jumai ko zama ta ƙi yi. Ta ga kirinjijiya garke-garke suna fito, ta ga dinya, ta ga gauraka na taƙama, ta ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta sake tafiya tana kallon ƙasa ba, ta sha tuntuɓe kuwa ba kaɗan ba. Ita ce daga baya ta yi aiki da masu kula da tsuntsayen Baturiya, Habila kuma ya buɗe shagon gyaran talabijin a garin Malam Madori. Amma kafin a kai nan, saura kaɗan gidan ya bar Haɗejiya gaba ɗaya.

A farkon 1995 Malam ya yi ritaya. Satin da ya ajiye aiki ya fara neman kwalaye.

"Maman Jumai, aiki ya kawo mu, aiki ya ƙare. Ɗinki ba zai ciyar da mutum huɗu ba. A gida ko ba komai akwai gona."

Hankalin Kande ya tashi. A ƙauye wa ta sani yanzu? Ƙawayenta suna nan, cocinta yana nan, cibiyar 'ya'yanta a bayan ɗakin nan aka binne. Ba ta so tafiyar nan, kuma ba ta ɓoye ba.

"Baban Jumai, in gona ce matsalar, nan ma ai ƙasa ce."

"Ke kin taɓa noman shinkafa?"

"Da na taɓa harbin agwagwa ne?"

Suka yi ta ja har Malam ya gaji. Ya ce to, ya ba ta damina ɗaya. In ta noma abin da zai riƙe gidan shekara, a zauna. In ba haka ba, bayan Kirsimeti sai ƙauye, kuma ba ya son jin wata magana. Malam Filibus mutum ne da in ya faɗi abu ko shi kansa ba ya iya canza shi.

Washegari Kande ta je gidan Baƙo ta durƙusa. Ya ba ta aron wani yanki a jikin gonarsa, kunya ɗaya ce, wato ɗan tudun ƙasa mai tare ruwa, ta raba su. In ka tsaya kana fuskantar gabas, babbar gonar Baƙo na hannun dama, kogi na hannun hagu, 'yar gonar Kande a tsakiya. Noman kansa bai ba ta tsoro ba, don a garinsu mace da fartanya ake haihuwarta. Ruwa ya zo daidai, shinkafa ta tashi kore shar, ta yi ciki, ta fitar da kai. Sannan Baƙo ya ce mata yanzu ne fa aikin zai fara.

Jan-baki yake nufi, 'yan tsuntsayen nan da ba su kai tafin hannu ba, waɗanda ke kwana cikin kacala, doguwar ciyawar da ta cinye bakin ruwa. Idan ƙwayar shinkafa ta yi ruwa-ruwa kamar nono, sai su taso dubbai, su sauka, su tsotse, su bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Maganinsu ɗaya ne a fadama: a kafa rumfa mai dogayen ƙafafu, a ja igiyoyi da gwangwanaye, a sa yara su wuni a kai da majajjawa suna ihu. Aikin yara ne tun fil'azal. To amma Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin gida-gida yana faɗa da iyayen da ke cire yara daga aji saboda tsaron tsuntsu. Ya ce ko shinkafar zinariya ce, nasa 'ya'yan ba za su yi fashi ba.

"Sai ni in hau," in ji Kande.

Ta kuwa hau. Ranar farko duk fadamar ta bar aiki ta zo kallon uwar 'ya'ya a kan rumfa. Majajjawa igiya ce mai ɗan faɗi a tsakiya, ka sa dunƙulen busasshiyar laka, ka juya ta bisa kai, ka saki bakin guda. Jifar Kande ta farko baya ta yi, ta fasa butar wani bawan Allah. Ta biyu ta tafi gaba amma tsuntsu ya riga ya wuce. Ta sauko da yamma kafaɗa a kumbure, rai a ɓace, tana cewa ita da ba ta kuskure a gida, me ya same ta?

Jumai ce ta gano. "Mama, bindigar gida kina dannawa ta isa. Laka kuwa tafiya take yi. Ki jefa inda za su je, ba inda suke ba."

Shi ke nan. Idon nan da ya saba kama motsin ciyawa a gilashi, shi ya fara kama motsin kacala tun kafin garke ya tashi. Cikin 'yan kwanaki jifar Kande ta zama abin labari. Sai ta bari sun taso sun miƙe, ta juya majajjawa ta saki, laka ta tafi tana fito ta ratsa ta gaban na kan gaba, garken duka ya karkace kamar an ja shi da igiya. Ita kuma ta buga ihu daga kan rumfa, "Na gaba!" Da yamma gidan duka a zauna a mulmula laka a shanya. Har Malam ya sa hannu, wai don kada a ɓata masa tsakar gida da aikin ganganci, kuma nasa duk girmansu ɗaya kamar an auna. Habila ya samo tsohon hon ɗin mota ya jona da batirin gem, ya ɗaura mata a ƙafar rumfa. Gonar Kande ta zama ko ɗan tsuntsu ɗaya ba ya sauka, ita kuwa kanta ya fara girma.

A nan ta yi kuskuren da ɗan fadama ko na goye ba zai yi ba. A talabijin, duk tsuntsun da ya fita daga gilashi ya tafi ke nan, ba ruwanka da shi. Haka ta ɗauki gona. Da zarar sun haye kunya sai ta tafa ta juya baya. Ba ta taɓa tambayar kanta inda suke sauka ba. A fadama kuwa akwai ƙa'ida: ba a korar tsuntsu a tura wa maƙwabci, sai dai a bi da shi wajen kogi. Ba wanda ya gaya mata, don ba wanda ya zaci akwai babban da bai sani ba.

Wata safiya Baƙo ya zo ƙarƙashin rumfarta, ba fara'a, da damin kan shinkafa a hannu. Ya miƙa mata. Ta murza, babu ƙwaya ko ɗaya.

"Daga ina wannan, Baba?"

"Daga jikin kunyarki, ta ɓangarena. Kullum kika yi jifa, a kaina suke zubewa. Na yi shiru na ce baƙuwa ce, za ta gane. Maman Jumai, na ba ki gona don ki ci abinci, ban ba ki don ki ciyar da tsuntsu da tawa ba."

"Wallahi Baba ban sani ba."

"To yanzu kin sani. In aka sake, ana girbi zan karɓi abata. Ba faɗa, ba gaba."

Kunya ta kama Kande har ta rasa inda za ta sa fuska. Ta ba da haƙuri, ta koyi tsayawa ta ɓangaren dama tana turo su hagu, ta rage ihun "Na gaba!" Ƙananan garke ba su gagare ta ba. Saura 'yan kwanaki ƙwaya ta yi tauri a huta.

Sai ga wata Juma'a. Ranar Juma'a fadama takan zama wayam daga tsakar rana har zuwa la'asar, maza da samari har da yaran tsaro duk sun tafi masallaci cikin gari. Ba a damuwa, domin jan-baki ba ya fita da tsakar rana, zafi ke korarsa inuwa. Amma ranar an yi yayyafi da safe, hadari ya rufe rana, gari ya yi sanyi ƙalau. Makaranta ta tashi da wuri kamar kowace Juma'a, Jumai da Habila suka kawo wa uwarsu abinci, Malam ya biyo su a keke, wai ya zo shan iska. Suna zaune a ƙarƙashin rumfa ana cin ɗanwake, Jumai ta tsaya da loma a hannu.

"Mama. Dubi kacala."

Kande ta duba. Da fari ta zaci hayaƙi ne, wani ya sa wuta. Sai hayaƙin ya lanƙwasa, ya miƙe, ya yi faɗi, ya taho da wata irin ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Tunda take ba ta taɓa ganin garke irin wannan ba. Kuma kai tsaye gonakin nan biyu ya nufo.

Ta haye rumfa da gudu, ta sa laka, ta fara juyawa. Sai hannunta ya tsaya. In ta jefa daga nan, tata ta tsira, amma duk abin nan a kan gonar Baƙo zai zube, ga shi babu kowa a ciki. Ana girbi ya karɓi gonarsa, su kuma sai ƙauye. In kuma ta bi ƙa'ida, sai ta koma can ƙarshen gonar Baƙo ta turo su wajen kogi, hanyar kogin kuwa ta kan shinkafarta ta bi. Garke irin wannan ba ya wuce gona bai taɓa ba. Babu shinkafa, nan ma sai ƙauye. Ta dubi 'yar gonarta, kawuna sun sunkuya don nauyi, ta ji hawaye ya taho.

"Maman Jumai, jefa mana!" Malam ne, ya miƙe tsaye.

Ta diro daga rumfa. "Gonar Baba! Kowa gonar Baba! Habila, kwance hon ɗin nan. Jumai, hau waccan rumfar ta tsakiya ki ba ni ido. Baban Jumai, igiyoyin gwangwani!"

Ba wanda ya tsaya tambaya. Habila ya ɗora batir a ka ya ruga. Jumai ta haye rumfar Baƙo kamar biri. Kande ta tattare zani, ta cika shi da laka, ta keta cikin ruwa har gwiwa zuwa rumfar ƙarshe. Tana hawa garken na isowa, sama ta yi duhu.

"Dama, Mama! Suna sauka dama!"

Ta saki. Laka ta ratsa gabansu tana fito, kan garken ya ɗaga.

"Sun rabu biyu! Na ƙasa, hagu! Habila, yanzu!"

Hon ya ɗauka, wata irin ƙara kamar babbar mota ta faɗo fadama. Na ƙasan suka tashi a firgice suka haɗe da 'yan uwansu. Kande na juyawa tana saki, tana juyawa tana saki, ba ta ma duban hannunta, muryar Jumai kawai take bi, daidai yadda suke yi a falo. Gwangwanaye suka kaure ta ko'ina. Ta waiga ta ga abin da ba ta taɓa zaton gani ba: Malam Filibus, mutumin da ko a coci ba ya ɗaga murya, ya kama igiya biyu a kowane hannu yana tsalle cikin taɓo, riga ta fita daga wando, yana kururuwa iya ƙarfinsa.

"Sama! Sama, Maman Jumai! Ga wasu can! Kai, ku tafi, 'yan banza! Ba ku da iyaye ne?"

Dariya ta kusa kayar da ita daga rumfa. Sau da dama garken na juyowa, sau da dama suna mayar da shi. Laka ta ƙare, Habila ya riƙa curo ɗanya daga kunya yana wurgo mata. Igiyar majajjawa ta yanke mata yatsa, ba ta ji ba. Sannu a hankali abin ya karkata hagu, ya bar gonar Baƙo, ya bi hanyar da suka buɗe masa. Tana tsaye tana kallo ya kwanta a kan shinkafarta kamar an shimfiɗa baƙin bargo. Suka bi shi da gudu, da gwangwani, da ihu, amma kafin su ratso gonar Baƙo su iso, an riga an yi abin da za a yi. Garken ya tashi a ƙoshe ya haye kogi.

Suka tsaya a kan kunya suna haki. Habila ne ya fara tsalle yana cewa sun ci, sun ci, sai ya ga fuskar uwarsa ya daina. Kande ta shiga gonarta tana murza kawunan shinkafa ɗaya bayan ɗaya. Nan ƙaiƙayi, can ƙaiƙayi. Abin da ya rage ba zai kai su Ista ba, balle shekara. Ta naɗe majajjawa ta soke a ƙugu. Baƙin ciki ya cika ta, ta fara tunanin wa za ta bar wa tukwanenta.

Ana haka masu masallaci suka fara dawowa. Tun daga hanya labari ya ishe su, don an ga garken daga cikin gari. Baƙo ya jefar da keke ya taho da sauri, da farar rigarsa ta Juma'a, ya faɗa taɓo bai ko tattare ta ba. Ya bi gonarsa daga wannan gefe zuwa wancan yana taɓa kawuna. Ya tarar da hon a gindin rumfarsa, ya ga sawun ƙafa ko'ina. Sannan ya hau kunya ya dubi ta Kande. Ya daɗe yana kallo.

"Kina kan taki rumfar lokacin da suka taso?"

"Ina kai, Baba."

"Kika sauka."

"Ai ka ce wajen kogi ake bi da su."

Baƙo ya cire hula ya share fuska da ita. Ya juya ya kira babban ɗansa ya ce a kawo masa fartanya. Mutane suka taru suna kallo, ba wanda ya san abin da zai yi. Ya ɗaga fartanya ya sara kunyar da ta raba gonakin, ya sake sara, har ruwan wannan ya gauraya da na waccan.

"Ku shaida," ya ce. "Bana gona ɗaya ce. Tare za a yanka, tare za a sussuka, a auna mata abin da za ta samu da tsuntsu bai taɓa ta ba. Yankin nan kuma nata ne ta noma har ranar da ta ce ta gaji."

Fadama ta ɗauki hayaniya, ana ta sa albarka. Kande ta durƙusa ta yi godiya, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta san mijinta. Cewa ya yi sai abin da ta noma, ba abin da aka auna mata ba, kuma a gaban mutane ma yana iya tsayawa ya warware maka bambancin. Ta juya tana nemansa.

Yana can zaune a bakin kunya, taɓo har gira, takalmi ɗaya ya ɓata, tabarau ya karye ya rataye a kunne guda. Muryarsa ta dushe gaba ɗaya. Ta matsa kusa da shi a hankali.

"Baban Jumai, ka ji abin da Baba ya ce. Amma na san ba haka muka yi da kai ba."

Bai dube ta ba. Idonsa na can hayin kogi inda garken ya ɓace.

"Waccan rumfar ta ƙarshe ta yi gajarta," ya ce da ƙyar. "Shi ya sa suka riƙa shigo miki ta ƙasa. Baɗi sai an ƙara mata tsawo, kuma ni zan hau ta. Ki koya mini jifar nan tun da rani."

Kande ta zauna daɓas cikin ruwan gona, zani da komai, ta fashe da kuka da muryar nan tata, har na bakin hanya suka rugo suna tambayar wa ya mutu.